Carl Wernicke (1848–1905): Likitan da Ya Bi Sawun Fahimtar Magana a Cikin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Idan aka ce a kawo tarihin wani Bature da ya yi wa nazarin harshe hidima, hankalin ɗalibin Hausa yakan tafi ne ga Bargery da Abraham masu ƙamus, ko ga Parsons wanda ya tsara mana giredin aikatau. Ni kuwa na zaɓi wani likita Bajamushe wanda bai taɓa rubuta komai a kan Hausa ba, wato Carl Wernicke. Jamusawa suna furta sunan nasa kusan kamar Bernike.

Dalilina shi ne, a aji muna karanta ginin jimla a kwas guda, mu karanta ilmin ma'ana a wani kwas daban, kowanne da malaminsa da jarrabawarsa. Amma mai sauraro a kasuwa ba ya raba su. Kafin mai magana ya rufe baki, ya riga ya gane wane ne ya yi, me aka yi, kuma wa aka yi wa. To a ina nahawu da ma'ana suke haɗuwa, kuma wane ne yake riga wani isa? Wannan tambaya tana da tarihi, kuma mutumin da sunansa ya fi fita wajen kai ta gaban ƙwaƙwalwa shi ne Wernicke. Wannan maƙala za ta kawo tarihinsa a taƙaice, da abin da ya gano, da inda waɗanda suka biyo bayansa suka kai aikin, sannan ta dawo gida ta duba abin da ya shafe mu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Carl Wernicke ranar 15 ga watan Mayu, 1848, a garin Tarnowitz da ke lardin Silesiya. A wancan zamani garin yana ƙarƙashin masarautar Furusiya, amma a yau yana cikin ƙasar Folan. Gari ne na masu haƙar darma da azurfa, mahaifinsa ma ma'aikacin ofis ne a hukumar da ke kula da ma'adinai. Ya yi karatun sakandare a Oppeln da Breslau, sannan ya shiga Jami'ar Breslau ya karanta likitanci, ya kammala a 1870. A shekarar ce yaƙi ya ɓarke tsakanin Furusiya da Faransa, aka tafi da shi a matsayin mataimakin likitan tiyata.

Da ya dawo sai ya kama aiki a asibitin birnin Breslau, a sashen masu taɓin hankali, ƙarƙashin Farfesa Heinrich Neumann. Shi Neumann ne ya ba shi damar zuwa birnin Biyana na ƙasar Austiriya, ya yi wata shida a wurin Theodor Meynert, wanda a lokacin babu kamarsa wajen sanin sassan ƙwaƙwalwa. Waɗannan watanni shida su ne suka saita masa hanya har ƙarshen rayuwarsa.

Abubuwa biyu ya koyo daga Meynert. Na farko, sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya fi danganta da motsi, sashen baya kuma da karɓar abin da ido da kunne da fata suke kawowa. Na biyu, akwai zaruruwan jijiyoyi masu yawa da aikinsu kawai shi ne sada wani sashe da wani, kamar hanyoyin da suke haɗa garuruwa. Daga nan Wernicke ya riƙe cewa duk wani babban aiki na hankali haɗin gwiwa ne tsakanin sassa, kuma yana iya lalacewa ko dai don gari ya rushe, ko don hanya ta yanke.

Halin da Ya Tarar da Ilmin

Tun a 1861 wani likita a birnin Faris mai suna Paul Broca ya ba da labarin wani majinyaci da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, alhali yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya mutu aka buɗe kansa, sai aka tarar da rauni a sashen gaba na ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Zuwa 1865 Broca ya tara isassun misalai har ya bayyana cewa ɓarin hagu ne yake riƙe da magana a wurin yawancin mutane.

Sai dai wannan bayani ya bar giɓi. Likitoci suna ganin wasu majinyata da harshensu yake sake sarai, magana tana zuba, amma babu kai babu gindi, kuma ba sa gane abin da ake ce musu. Wani likitan Ingila, Charlton Bastian, ya ambaci irin wannan matsala a 1869, amma ba a danganta ta da wani wuri a ƙwaƙwalwa ba. Galibi irin waɗannan mutane akan ce sun ruɗe, ko sun kurmance, ko sun haukace, a tura su sashen masu taɓin hankali. A can kuwa Wernicke yake aiki.

Littafin 1874

Yana ɗan shekara 26, ba shi da wani muƙami na a zo a gani, Wernicke ya wallafa wani ɗan ƙaramin littafi mai shafi saba'in da 'yan kai a kan cutar gushewar harshe, wadda likitoci suke kira afasiya. Ya gina shi a kan majinyata goma. Biyu daga cikinsu, dukkansu mata tsofaffi, su ne ginshiƙin hujjarsa. Kunnensu yana jin sauti, bakinsu yana motsi ba tare da wata wahala ba, amma sukan sa wata kalma a gurbin wata, ko su murɗe kalmar ta zama wadda babu ita a harshen, kuma tambaya mai sauƙi takan gagare su. Ɗayarsu ta sami sauƙi a hankali. Ɗayar ta rasu, da aka duba ƙwaƙwalwarta sai aka sami rauni a ɓarin hagu, a sashen da ke daura da saman kunne, can baya da wurin da Broca ya nuna. Wannan yanki ne daga baya aka sa wa sunan Wernicke.

Abin da ya ɗaukaka littafin shi ne bayanin da ya bayar. A ganinsa, duk kalmar da yaro ya ji tana barin tambarin sautinta a wannan yanki na baya, yadda ake furta ta kuma yana zaune a yankin Broca. Idan yankin gaba ya lalace, mutum yana ganewa amma furuci ya gagara. Idan na baya ya lalace, sautin yana shiga kunne amma ba ya tarar da tambarinsa, sai harshen uwa ya koma wa mutum kamar baƙon yare. Haka kuma tambarin sautin ne yake sa ido a kan abin da baki yake fitarwa. Da zarar mai gadin ya faɗi, sai kalmomi su riƙa fita ba tare da mai tantancewa ba, shi kuma mai maganar bai san yana kuskure ba.

Akwai wani batu da ake yawan yi wa Wernicke gurguwar fahimta a kansa. Bai ce ma'ana tana zaune a yankin da aka sa wa sunansa ba. A wurinsa ma'ana a warwatse take a faɗin ƙwaƙwalwa. Mu ɗauki kalmar goro. Sanin goro ya ƙunshi jansa ko farinsa da ido ya gani, da ɗacinsa da harshe ya ɗanɗana, da ƙarar da yake yi idan an ɓare shi, da taurinsa a hannu. Kowanne yana ajiye a sashensa. Gane kalmar shi ne sautinta ya taso da waɗannan duka a lokaci guda. Ke nan yankin nasa ƙofa ce da sauti yake bi ya isa ga ma'ana.

Bugu da ƙari, ya yi hasashen cewa idan yankunan biyu suna lafiya amma hanyar da ke tsakaninsu ta yanke, za a sami wata afasiya ta uku, inda mutum yake ganewa, yake magana, amma kalmomi suna kuɓuce masa. A 1885 wani likita, Ludwig Lichtheim, ya faɗaɗa wannan tsari ya zana shi a taswira, ya kuma nuna cewa babbar alamar irin wannan majinyaci ita ce kasa maimaita abin da aka faɗa masa. Har yau ɗaliban likitanci suna fara karatun afasiya ne da wannan zane.

Zamansa a Balin da Komawarsa Breslau

Bayan fitowar littafin, Wernicke ya koma Balin ya zama mataimakin Carl Westphal a babban asibitin Charité. Zaman bai yi tsawo ba. An san shi da tsayawa kan ra'ayinsa da rashin iya lallashin manya, kuma saɓani da hukumar asibitin ya sa ya bar aikin a 1878, ya buɗe wurin duba marasa lafiya na kansa. A wannan tsakani ne, daga 1881 zuwa 1883, ya fitar da littafi mai juzu'i uku a kan cututtukan ƙwaƙwalwa.

A cikinsa ne ya bayyana wata cuta da ya gani a jikin mutum uku: maza biyu mashaya giya, da wata budurwa da ta sha ruwan asid har cikinta ya daina riƙe abinci. Alamunta uku ne: ruɗewa, da tangaɗi wajen tafiya, da rikicewar motsin ido. Dukkansu sun mutu. Wernicke bai rayu ya ga sanadinta ba, domin sai a shekarun 1930 aka tabbatar cewa ƙarancin sinadarin bitamin B1 ne yake kawo ta. A yau an san tana iya kama mace mai ciki da amai ya yi wa yawa har ta kasa cin abinci na makonni, kuma allurar bitamin ɗin tana ceton rai idan an yi ta da wuri. Cutar tana ɗauke da sunansa. Haka nan irin tafiyar mai shanyewar ɓarin jiki da muka saba gani, hannu a lanƙwashe a ƙirji, ƙafa a miƙe ana jan ta ana kewayawa da ita, likitoci suna kiranta da sunansa da na abokin aikinsa Ludwig Mann.

A 1885 ya koma Breslau ya gaji kujerar malaminsa Neumann, a 1890 kuma ya zama cikakken farfesa. A nan ma bai tsira daga rigima ba, don ya daɗe yana ja-in-ja da hukumar birnin a kan asibitin da yake koyarwa a ciki, har abin ya kai ga an taƙaita masa damar ganin majinyata. Duk da haka ya rubuta babban littafi a kan taɓin hankali, inda ya yi ƙoƙarin bayyana shi a matsayin yankewar hanyoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ya yi wa afasiya. Wannan ra'ayi bai karɓu kamar na abokin hamayyarsa Emil Kraepelin ba, wasu ma sun zarge shi da gina tatsuniya a kan ƙwaƙwalwa.

Inda babu jayayya shi ne wajen yaye almajirai. Daga hannunsa Hugo Liepmann ya fito, wanda ya bayyana cutar kasa aiwatar da aiki da hannu alhali hannun bai shanye ba. Akwai Heinrich Lissauer da ya yi nazarin masu gani amma ba sa gane abin da suka gani. Akwai Karl Bonhoeffer, da Kurt Goldstein, da Otfrid Foerster wanda daga baya ya yi jinyar Lenin na Rasha, da kuma Karl Kleist.

Rasuwarsa

A 1904 aka ba shi shugabancin asibitin jijiyoyi da taɓin hankali na Jami'ar Halle, inda a ƙarshe ya sami wurin aiki irin wanda ya daɗe yana nema. Bai cika shekara biyu a can ba. A watan Yuni na 1905 ya fita yawo a kan keke a dajin Turingiya, sai ya yi karo da keken dawaki mai ɗauke da gungumen katako, ya ji mummunan rauni a ƙirji. Ya mutu ranar 15 ga Yuni, 1905, yana da shekara 57.

Inda Nahawu Ya Shigo

Duk wanda ya karanta ginin jimla zai lura da giɓin da ke cikin tsarin Wernicke: a kan kalma ɗaya-ɗaya ya gina shi. Harshe kuwa ba tarin kalmomi ba ne. Kura ta kashe akuya, da akuya ta kashe kura, kalmominsu ɗaya ne, amma labarin ya bambanta. Almajirinsa Kleist yana cikin waɗanda suka fara cike wannan giɓi, lokacin da ya nuna cewa masu raunin yankin baya su ma nahawunsu yana rikicewa: sukan fara jimla da wani gini su ƙare ta da wani.

Bayan mutuwarsa tsarin nasa ya sha suka. Tun a 1891 Sigmund Freud ya soke shi, Pierre Marie ya biyo baya a 1906, sannan Henry Head na Ingila a 1926 ya yi wa masu zana taswirar harshe ba'a. Sai a 1965 wani likitan Amurka, Norman Geschwind, ya farfaɗo da shi. Daga nan aka shiga koyar da wani rabo mai sauƙin haddacewa: yankin Broca na furuci ne, yankin Wernicke na fahimta.

A 1976 Alfonso Caramazza da Edgar Zurif suka girgiza wannan rabo. Sun gwada masu raunin yankin Broca, waɗanda ake ɗauka fahimtarsu lafiya lau take, da jimloli iri biyu. Da Turanci suka yi gwajin, amma ga kwatankwacinsa da na tsara da Hausa:

1. Mangwaron da yaro yake sha nunanne ne.
2. Akuyar da tunkiya take bi baƙa ce.

A jimla ta 1, ko ba ka san nahawu ba ka san mangwaro ba ya shan yaro. A ta 2 kuwa, akuya tana iya bin tunkiya, tunkiya tana iya bin akuya, ginin jimlar kaɗai ne zai raba gardama. Majinyatan sun ci irin ta farko, amma a irin ta biyu sai suka koma canki-canki. Ashe ma'ana ce take rufa musu asiri a hirar yau da kullum. Wannan ya nuna cewa mai sauraro yana da igiya biyu da yake jawo fahimta da su, idan ɗaya ta tsinke yakan dogara da ɗayar.

Shaidar Wutar Ƙwaƙwalwa

Wernicke sai ya jira majinyaci ya mutu kafin ya ga inda raunin yake. Abin da bai samu ba shi ne hanyar kallon lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Wani ɗan ƙasarsa, Hans Berger na Jami'ar Jena, shi ya buɗe wannan ƙofa. A 1924 ya fara ɗaukar 'yar wutar lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam suke fitarwa, ya wallafa sakamakon a 1929. A yau akan sa wa mutum hula mai wayoyi, a riƙa nuna masa jimla kalma bayan kalma, kwamfuta tana auna yadda wutar take sauyawa. Da yake wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an tara amsoshin jimloli masu yawa an fitar da matsakaicinsu kafin siffarta ta bayyana. Ana auna lokacin da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mu dubi waɗannan misalai nawa:

3. Ladi ta dama fura da nono.
4. Ladi ta dama fura da takalmi.
5. Ladi ya dama fura da nono.
6. Fura ta dama Ladi.

A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka gano cewa idan jimla ta ƙare da kalmar da ma'anarta ba ta dace ba, kamar takalmi a misali na 4, wutar takan karkata wajen nagatif, ta kai ƙololuwa wajen milisakan 400 bayan bayyanar kalmar. Aka sa wa wannan amsa suna N400. Daga baya aka gane cewa kowace kalma mai ma'ana tana tayar da ita, sai dai girmanta yana raguwa gwargwadon yadda abin da ya gabata ya share wa kalmar hanya. A 1992 kuma Lee Osterhout da Phillip Holcomb suka sami wata amsa daban idan ginin jimla ne ya karye ko ya yi wuyar warwarewa: wutar takan karkata wajen fozitif, wajen milisakan 600. Ita ce P600. Peter Hagoort da abokan aikinsa a Holan sun sami irinta a 1993. Saɓanin jinsi irin na misali na 5, inda aka ba Ladi lamirin namiji, yana cikin abubuwan da aka ga suna tayar da ita a harsunan da suke da jinsi.

Da farko abin ya yi wa manazarta daɗi: ga amsar ma'ana, ga amsar nahawu, kowa da gonarsa. Sai jimloli irin misali na 6 suka ɓata lissafi. Nahawunta ba shi da aibi: ga aikau, ga lamirin mace da ya dace da fura, ga aikatau, ga karɓau. Ma'anar ce ta kife. Bisa ƙa'ida N400 ya kamata a gani. Amma binciken Gina Kuperberg da abokanta a 2003, da na Albert Kim da Osterhout a 2005, sun sami P600 a irin waɗannan jimloli, N400 kuwa ba ta ƙaru ba. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne, kalmomin sun saba zama tare har ma'ana ta riga ta raba musu aiki, ta ce Ladi ce mai damawa, fura ce abin damawa. Da ginin jimla ya zo da akasin haka, sai ƙwaƙwalwa ta tuhumi nahawun, ta koma tana neman gyara. Har yanzu manazarta suna muhawara a kan fassarar, amma sun daina ɗaukar cewa nahawu yana gama aikinsa tukuna sannan ya miƙa wa ma'ana.

Haka kuma abin da mutum ya sani game da duniya yana shiga da wuri. A 2004 Hagoort ya nuna wa mutanen Holan jimlar da ta ba jiragen ƙasarsu launin da ba nasu ba, sai N400 ta taso a daidai lokacin da take tasowa ga kalmar da ba ta da ma'ana a wurin. Kamar ka ce wa mutumin da kullum yake bin hanyar Zuba zuwa Suleja wai Dutsen Zuma yana Sakkwato. A 2006 kuma Mante Nieuwland da Jos van Berkum suka ba mutane labarin wata gyaɗa mai rawa da waƙa. Da labarin ya kankama, cewa gyaɗar ta faɗa soyayya bai tayar da babbar N400 ba, cewa an sa mata gishiri ne ya tayar. Duk wanda ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san wannan: da zarar an buɗe tatsuniya, maganar kura ba ta ba kowa mamaki.

Hausa tana da kayan gwaji masu kyau a wannan fage. Sauya wasali ɗaya a misali na 6, ka ce fura ta dami Ladi, sai jimlar ta miƙe, domin aikatau ya koma giredi na biyu da ma'anar takurawa. Ka ce fura ta damu, an yaba wa mai damawa. Ka ce Ladi ta damu, sai a tambaye ka me ya same ta. Siffar aikatau ɗaya ce a rubuce, aikau ne ya zaɓa mata ma'ana. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali, waɗanda su kaɗai suke raba ya zo na labari da ya zo na umarni. A wurinmu nahawu yakan hau kan sautin da kunne yake kamawa tun a gaɓar farko.

Shi kansa yankin Wernicke, binciken zamani ya nuna iyakarsa ba ta tsaya wuri guda ba. A 2016 Pascale Tremblay da Anthony Dick suka tambayi masana inda yake, ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Fahimta aiki ne na sassa da yawa da hanyoyin da suka sada su, wanda kuwa shi ne ainihin darasin da Wernicke ya ɗauko daga Biyana.

Abin da Ya Shafe Mu a Gida

A Tungan Maje na taso, a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada. Na san wani dattijo a unguwarmu, mai hawan jini, da aka wayi gari yana zuba magana ba ƙaƙƙautawa. Muryarsa da karin maganarsa na nan yadda aka san su, har da gaisuwa, amma kalmomin ba sa haɗuwa, kuma in an ce ya miƙo buta sai ya tsaya yana kallon mutane. Yana tafiya da ƙafarsa, hannunsa bai shanye ba. Saboda haka babu wanda ya kawo bugun jini a ransa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, aka yi kwanaki ana hayaƙi kafin a kai shi asibiti, inda hoton kai ya nuna jini ya toshe a ɓarin hagu.

Wannan shi ne ainihin irin majinyacin da Wernicke ya fitar daga cikin mahaukata a 1874. Yankin da yake lalacewa yana nesa da sashen da ke motsa hannu da ƙafa, shi ya sa sau da yawa ba a ganin shanyewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda bugun jini ya kama suna samun matsalar harshe. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen haddasa cutar a tsakaninmu. Maganin narkar da gudan jini kuwa yana da wa'adi, galibi awa huɗu da rabi daga fara alamu. Don haka rikicewar magana farat ɗaya a bakin babba, ko da yana tafiya da ƙafarsa, dalili ne na garzayawa asibiti a wannan sa'a. Mu a yankinmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan Gwagwalada.

Bayan an sallamo majinyaci, sauran aikin na harshe ne. A riƙa yi masa gajerun jimloli, a haɗa da nuni, a bar ɗaga murya tunda ba kurma ba ne, a kuma daina maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. A yankin Zuba da Tungan Maje mutum ɗaya yakan ji Hausa da Gbagyi ko Koro da Turanci, kuma tun a 1895 likitan Faransa Albert Pitres ya lura cewa harsunan mai afasiya ba lallai su dawo tare ba, sau da yawa wanda ya fi amfani da shi ne yake fara dawowa. Gwajin da aka tsara da Turanci ba zai auna karin sauti ko giredin aikatau ba. Tsara irinsa da Hausa aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba, sai da wanda ya karanci nahawun harshen.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi rayuwar Carl Wernicke daga Tarnowitz zuwa Breslau da Biyana da Balin da Halle. An ga yadda yana ɗan shekara 26 ya raba rashin fahimtar magana da hauka da kurumta, ya nuna cewa aiki ne na ƙwaƙwalwa mai wurinsa da hanyoyinsa. An ga kuma cewa ya tsaya a kan kalma, waɗanda suka biyo baya suka kai binciken ga jimla, har wutar ƙwaƙwalwa ta nuna cewa ma'ana da nahawu suna aiki tare cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ma suna ja da juna. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri ita ce su leƙa wannan fage. Tattara maganar masu afasiya da Hausa, da izininsu da na iyalansu da na likitocinsu, a nazarci abin da yake faɗuwa da abin da yake tsira na jinsi da lokaci da karin sauti, aiki ne da zai amfani nahawu, ya kuma amfani marasa lafiya.